Tambaya da Amsa: Gudun Famfalaƙi Don Tallafa wa Masu Ciwon Zuciya

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan wata duk daga Zariya suke, kuma batunsu ɗaya: shiga dogon gudu don a tara wa masu ciwon zuciya kuɗi. Likitan zuciya da mai horar da 'yan tsere ne suka zauna tare suka amsa su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekarata 29. Mahaifinmu ya rasu bara bayan ya daɗe yana jinyar ciwon zuciya. Na yi niyyar shiga gudun famfalaƙi na Legas in tara kuɗi a taimaki masu irin ciwonsa. Ban taɓa gudu mai nisa ba, sai ƙwallon yamma. Ta ina zan fara? Daga wani matashi, Samaru.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa jinyar ta zama kaffara. Kafin ka sayi takalmi, ka nemo katin asibitinsa da takardun gwaje-gwajensa, ka kai wa likita. Abin da ake so a sani shi ne wane irin ciwon zuciya ya yi. Idan hawan jini ne ya gajiyar da zuciyar, magana ɗaya ce. Idan kuwa kaurin tsokar zuciya ne, wannan ana gadonsa, kowane ɗa yana tsakanin ya gada ko ya tsira rabi da rabi, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke kayar da 'yan wasa 'yan ƙasa da shekara 35 farat ɗaya.

Likita zai auna jininka, ya saurari ƙirjinka, ya yi maka gwajin ECG, wato na'urar da ke zana bugun zuciya a takarda. In ya ji wani sauti ko ya ga abin da bai gamsu da shi ba, zai tura ka hoton zuciya, wanda ake ce wa eko. Akwai sashen likitocin zuciya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ka faɗa masa gaskiya in ka taɓa suma kana cikin wasa, ko ciwon ƙirji, ko faɗuwar gaba haka kawai, ko akwai wani a dangi da ya mutu kwatsam bai kai 50 ba. A duba yawan jininka da suga, a kuma duba ko kana ɗauke da ƙwayar sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Wannan ba ya hana gudu, amma mai AS da ya takura wa jikinsa cikin zafi da ƙishirwa tsokarsa na iya lalacewa har ta taɓa ƙoda, don haka da ya ji ƙafafu sun saki sai ya tsaya. Mai SS kam ba nasa ba ne wannan gudu.

Sai maganar lokaci. Tsawon gudun kilomita 42.195 ne, kuma na Legas, wanda aka fara a 2016, a watan Fabrairu ake yinsa. Wanda bai taɓa gudu ba yana buƙatar wata shida zuwa takwas: mako 10 zuwa 12 na farko don ya iya kilomita 10 ba tsayawa, sannan mako 16 zuwa 20 na ainihin shiri. Ke nan farkon damina ya kamata ka fara. In hunturu ya shigo ba ka fara ba, ka yi rajistar kilomita 10 da ake yi a rana ɗaya da babban gudun, ka bar 42 sai baɗi.

A makonnin farko ka fita sau uku a mako, minti 30. Gudu minti biyu, tafiya minti ɗaya, kana ƙara gudun kana rage tafiyar. Ma'aunin sauri shi ne baki: in ba za ka iya yi wa na kusa da kai cikakkiyar magana ba, ka yi sauri da yawa. 'Yan ƙwallo nan suke faɗawa. Sun saba da fizga, numfashinsu kuma yana gyaruwa cikin 'yan makonni, sai su ɗauka sun iya. Amma ƙashi da jijiya watanni suke ɗauka kafin su ƙarfafa, shi ya sa ciwon ƙwauri da na agara suke fitowa daidai lokacin da mutum ya fara jin daɗin gudun. Kada jimillar kilomitocin mako ta wuce ta makon baya da fiye da kashi 10 cikin ɗari, kuma kowane mako na huɗu ka rage kusan kashi ɗaya bisa uku, jiki ya huta.

Ƙashin bayan shirin shi ne dogon gudu sau ɗaya a mako, a hankali ƙwarai. Misali 12, 14, 16, ka sauko 12, sannan 18, 20, 22, ka sauko 16, haka har ka kai 30 ko 32. Wannan mafi tsawon ka yi shi saura mako uku. Ba a gudun 42 a horo, domin abin da zai ci maka ya fi abin da zai ƙara maka. Daga nan sai ragewa: kashi uku bisa huɗu na abin da ka saba, mako na gaba rabi, makon ƙarshe ɗan motsa ƙafa kawai.

Wurin gudu kuwa kana da sa'a. Titunan cikin jami'a a Samaru sun fi kwanciyar hankali, kuma hanyoyin jar ƙasa na gonaki sun fi kwalta sauƙi ga gwiwa, sai dai kada ka shiga daji kai kaɗai. Ka guji Kwangila da babban titin Funtua, manyan motoci ba sa ganin mai gudu da asuba. In dole ka bi titi, ka fuskanci motocin da ke tahowa, da riga mai haske.

Kambas ka saya da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsunka da bakin takalmin. Soson ƙasan takalmin gudu yana mutuwa bayan kilomita 600 zuwa 800, kuma matsalar na gwanjo ke nan: samansa fes, ƙasansa ya gama aiki. In gwanjon za ka saya, ka danna soson, ka duba ko ya yi tamoji ko ya karkace gefe ɗaya. Ciwon ƙwauri da ya bazu yana lafawa da hutu. Wanda za ka iya nuna wurinsa da yatsa ɗaya, yana kuma tsananta in ka yi tsalle da ƙafar, tsagewar ƙashi ake zargi, a daina gudu a je asibiti.

TAMBAYA: Ni ma'aikaci ne, shekarata 47, ina shan maganin hawan jini shekara huɗu ke nan. Abokaina za su yi gudun, ni ma ina so, amma iyalina ta ce ganganci ne. Daga wani magidanci, Tudun Wada.

AMSA: Malam, Hajiya tana da hujja, amma ƙofar ba a rufe take ba. Motsa jiki a kai a kai yana rage lambar sama ta awon jini da kimanin 5 zuwa 8, don haka mai hawan jini ya fi kowa buƙatarsa. Sharaɗin shi ne jinin ya zauna ƙasa da 140/90 a awo da yawa, ba na rana ɗaya ba. Wanda awonsa ya kai 180/110 yana zaune, ba ya fara kowane irin horo sai an sauko da shi.

A shekarunka abin tsoron ya sha bamban da na matasa. Toshewar hanyoyin jinin da ke ciyar da zuciya ne, kuma tana iya ɓoyewa har sai an matsa wa zuciyar. In kana da suga, ko kana shan taba, ko teɓa, ka nemi a yi maka ECG kana tafiya a kan injin gudu, a duba ƙoda da kitsen jini. Ka kuma tambayi likitanka game da maganin kansa. Irin su atenolol da bisoprolol suna danne bugun zuciya, sai ka gaji da wuri, kuma agogon auna bugu ba zai nuna maka ainihin wahalar da kake sha ba. Magungunan sa fitsari suna rage ruwa da gishirin jiki, ga gumi kuma. Likita na iya sauya magani ko lokacin shansa. Kai dai kada ka tsallake shi ranar gudu da sunan ƙarfi.

Tsayawar zuciya a gudun famfalaƙi ba ta da yawa, kimanin mutum ɗaya cikin 100,000 a babban ƙidayar da aka yi a Amurka, amma akasarinsu maza ne, kuma a ƙarshen hanya take faruwa. Saboda haka babu fizga in an hango layin gamawa. Nauyi ko matsi a ƙirji, ciwon da ke tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, jiri, numfashin da ya fi ƙarfin gudun da kake yi: ko ɗaya ya zo, ka tsaya nan take ka nemi likita. Kuma ba a gudu da zazzaɓi, ko na cizon sauro ko na mura, domin wasu ƙwayoyin cuta suna kumbura tsokar zuciya.

A ganinmu ka fara da tafiya mai sauri minti 150 a mako, ka nufi kilomita 10 a shekarar farko. Masu ba da gudummawa ba za su rage ko sisi don ba ka yi 42 ba.

TAMBAYA: Na kai kilomita 28 a horo, sai ƙafafuna suka mutu, kaina ya riƙa juyawa, na dawo gida a kan acaɓa. Ruwa kawai na sha. Me ya faru? Daga wani ɗalibi, Kongo.

AMSA: Sugan ajiya ne ya ƙare. Tsoka da hanta suna ajiye abin da ya kai kimanin kalori 2,000, mai gudu kuma yana ƙona 60 zuwa 70 a kowace kilomita, sai ka ga lissafin ya faɗo wajen kilomita 30. Daga nan jiki ya koma kan kitse, wanda ba ya ba da ƙarfi da sauri. Maganinsa ci a kan hanya. Duk gudun da zai wuce minti 90, ka riƙa cin giram 30 zuwa 60 na abu mai suga a kowace awa, ka fara tun minti 40, kafin ka ji yunwa. Dabino uku duk minti 25 ya wadatar, a cire ƙwallon tun a gida. Ayaba matsakaiciya tana da kusan giram 25, cokalin zuma kusan 17. Ka gwada su a horo, domin ciki ma sai an koya masa.

Kwana biyu kafin babban gudu ka ƙara shinkafa, taliya, doya, dankali, tuwo da biredi, giram 8 zuwa 10 na sitaci ga kowane kilo na nauyinka a rana. Ka rage wake, yaji, mai da ganye. Da safen ranar, awa uku kafin a tashi, koko da biredi da ayaba. Ƙosai ya jira a dawo.

Ruwa kuma yana da fuska biyu. Ka auna nauyinka kafin gudun awa ɗaya da bayansa. Kowane kilo da ka rasa lita ɗaya ce ta gumi, sai ka haɗa da abin da ka sha. Yawancin mutane rabin lita zuwa kashi uku bisa huɗu na lita a awa ya ishe su, wato leda ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ana kurɓa kaɗan-kaɗan. Wanda ya yi ta ɗirkar ruwa a kowace tasha har nauyinsa ya ƙaru, gishirin jininsa zai tsinke: ciwon kai, amai, kumburin yatsu, ruɗewa, wani lokaci har mutuwa. Masu gudu a hankali, da ke shafe awa biyar a hanya, su suka fi faɗawa. Ka haɗa da ruwan gishiri da suga na ORS a wani ɓangare na abin da kake sha.

Abin da ke cutar mutanenmu in sun je Legas shi ne iska. A Zariya da hunturu gumi yana bushewa nan take, jiki ya yi sanyi. A Legas iska jiƙe take, gumi yana zuba amma ba ya bushewa, sai zafi ya taru a ciki. Kwana 10 zuwa 14 kafin tafiya ka yi wasu gajerun gudu da hantsi ko da la'asar sakaliya, da ƙarin riga, jiki ya saba. Ranar gudun ka rage saurinka da daƙiƙa 20 zuwa 30 a kowace kilomita. Ka shafa basilin a cinya da hammata, ka manna filasta a kan nono, kada ka sa sabon takalmi ko sabuwar safa.

Kuma don Allah a bar ibuprofen da diclofenac kafin gudu, suna taɓa ƙoda in jiki ya bushe. Taramadol kuwa yana rufe ciwon da ya kamata ya tsayar da kai, yana kuma jawo farfaɗiya.

TAMBAYA: Mu shida ne za mu yi gudun. Yaya za mu tara kuɗin ba tare da an zarge mu ba, kuma wa ya kamata mu ba? Daga wasu matasan Sabon Gari.

AMSA: Ku fara sanin inda kuɗin zai je kafin ku karɓi ko naira ɗaya. Kalmar "masu ciwon zuciya" ta yi faɗi, mutane sun fi sakin hannu in an ce musu ga abin da za a saya, ga wanda zai karɓa. Ku je ku zauna da sashen likitocin zuciya ko sashen jin daɗin marasa lafiya na asibitin da kuka zaɓa, ko ƙungiya mai rajista irin Nigerian Heart Foundation, ku karɓo takardar amincewa a rubuce. In ƙaramar gidauniya ce, ku bincika sunanta a shafin hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ku nemi ganin takardar SCUML ɗinta, wato shaidar rajista da sashen hana halasta kuɗin haram.

Tiyatar buɗe zuciya miliyoyin naira take ci, abin da mutum shida za su tara wataƙila ba zai kai na mutum ɗaya ba. Amma akwai wuraren da ƙaramin kuɗi yake aiki babba, kuma biyu daga ciki namu ne na gida. Na farko ciwon zuciyar masu jego. Zariya ta yi suna a littattafan likitanci a kan wannan ciwo tun binciken Davidson da Parry a shekarun 1970, lokacin da aka danganta shi da wankan jego, kwanciya a gado mai wuta da kunun kanwa. Binciken baya-bayan nan da aka jagoranta daga Kano ya fi nuna hawan jinin masu ciki, rashin abinci mai gina jiki da talauci. A wasu asibitocin Arewa maso Yamma ana samunsa a kusan haihuwa ɗaya cikin 100. Mace ce za ta haihu, ƙafafu su kumbura, ta kasa kwanciya sai a zaune, a ce gajiyar jego ce. Abin da take buƙata kuɗin eko da maganin watanni, kuma da yawa suna warkewa in an kama da wuri. Na biyu lalacewar ƙofofin zuciya a yara, wadda ke farawa daga ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba. Allurar benzathine penicillin duk mako uku ko huɗu tana hana ciwon ci gaba, amma shekaru ake yi ana yinta, iyaye kuma sukan gaji da biya. Injinan awon jini ga ƙananan asibitocin unguwa ma abin dubawa ne.

Kuɗin ya shiga asusun ƙungiyar ko asibitin kai tsaye. In hakan bai yiwu ba, ku buɗe asusu na daban mai sa hannun mutum biyu, ɗaya dattijo ne wanda ba ya cikin masu gudun. Kada ya shiga asusun ɗayanku, ko da shi ne limaminku. Alkawarin kilomita yana jan mutane: wanda ya ce naira 500 a kowace kilomita, 21,000 ke nan in an gama, mutum 50 irinsa 1,050,000. Amma ku faɗa tun farko abin da zai faru in wani bai ƙarasa ba, don kada ɗayanku ya ci gaba da gudu da ciwon ƙirji saboda kunyar masu alkawari. Mu dai mun fi son a ce kuɗin na marasa lafiya ne ko an gama ko ba a gama ba.

Kuɗin mota, masauki da takalmi daga aljihunku. Duk mako ku fitar da jimilla a WhatsApp da Facebook, a ƙarshe ku nuna rasit da takardar shaidar karɓa. Kada ku sa hoton maras lafiya sai da izininsa, yaro kuma sai da izinin iyayensa. In wani ya ce zakkarsa ce, ku ware ta ku tambayi malami, domin zakka tana da mutanenta da aka ambata a Suratut Tauba aya ta 60, kuma akwai magana a kan sayen kayan aiki da ita.

TAMBAYA: Shin za a iya horo da azumi? Daga wata ɗaliba, Palladan.

AMSA: Za a iya, 'yar'uwa, amma a sassauta. Gajeren gudu na minti 30 gab da shan ruwa, ko bayan tarawihi a wuri mai haske da tsaro. Dogon gudu sai da dare bayan an ci an sha. A 'yan shekarun nan Ramadan yana faɗowa a Fabrairu da Maris, don haka ki duba ranar gudun kafin ki yi rajista. Kilomita 42 da ƙishirwa a zafin Legas ba abin gwadawa ba ne. Ki kuma auna yawan jininki, ƙarancinsa ya yi yawa a mata, kuma shi ne yake sa haki tun ba a yi nisa ba.

TAMBAYA: Ƙungiyarmu ta malamai mata tana so ta shirya tattaki da gudun kilomita 5 a nan Zariya. Me muke buƙata? Daga wata malamar makaranta, Gyallesu.

AMSA: Malama, ranar 29 ga Satumba ce Ranar Zuciya ta Duniya, ta dace, sai dai ƙarshen damina ne, ku tanadi rumfa. Ku zaɓi zagayen kilomita biyu da rabi a yi shi sau biyu, a cikin harabar makaranta in an ba ku izini, domin ya fi sauƙin tsarewa. In za ku hau titi, ku rubuta wa 'yan sanda, hukumar kiyaye haɗurra da KASTLEA, mai kula da dokokin hanya a jihar Kaduna, tun saura wata guda, ku kuma sanar da mai unguwa da hakimi. A tashi da ƙarfe bakwai. Mata su tashi a rukuninsu, da hijabi mara nauyi wanda ba ya jan ƙasa. Ruwan leda biyu ga kowane mutum, da buhunan kwashe ledar. Ku ajiye teburin awon jini a wurin rajista. Za ku sha mamakin yawan waɗanda za su fara jin suna da hawan jini a ranar.

Abin da ba a yi babu shi: motar asibiti da direbanta a ciki, ma'aikacin lafiya, da injin farfaɗo da zuciya na AED in za ku samu aro. Ku sa 'yan agaji duk rabin kilomita, kowa da lambar wayar ma'aikacin lafiyar, kuma a koya musu danna ƙirji kafin ranar. Wanda ya faɗi ba ya amsawa, ba ya numfashi ko yana shaƙuwa jefi-jefi, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya bisa ɗaya, a danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. A canja mai dannawa duk minti biyu, ba tsayawa sai injin ya iso. Duk mintin da ya wuce ba a danna ba, damar rayuwa tana raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Ba a ɗura masa ruwa ko madara, ba a tada shi zaune, kuma a sa mutum biyu su kori 'yan kallo.

Wanda ya faɗi bayan ya tsallake layi, yana cikin hayyacinsa, galibi jini ne ya taru a ƙafafu, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafun. Wanda jikinsa ya yi zafi rau yana sambatu, a fara sanyaya shi nan take da ruwan ƙanƙara a wuya, hammata da matsematsi, sannan a sa shi a mota. Ku sayi ƙanƙarar tun daren ranar, ku ajiye ta a kula kusa da layin gamawa.